Geron Inna Mai Riƙo

Kowace kaka, saura kwana biyu ko uku a kwantar da gero, mahaifiyarmu Inna takan ɗauki faifai da ƙullin kaba ta shiga gona ita kaɗai. Ba ta son rakiya, ba ta son surutu. Sai ta tsaya gaban karan da ya yi mata, ta tanƙwaro zangarniyar a hankali bisa faifan, ta buge ta da bayan yatsu sau uku, ta karkata kai tana saurare. In ƙwaya ko ɗaya ta faɗo ta ce ƙas, sai ta saki karan ta ce, "Ba ki da riƙo," ta wuce, komai girman zangarniyar, komai kyanta. In ta ji shiru, ta ɗaura wa karan kaba. Masu kabar nan daban ake yanke su, a ɗaure su daban, a rataye a ɗakinta can sama inda hayaƙi ke kaiwa. Su ne irin baɗi.

Mutanen ƙauyenmu, nan gefen hanyar Sandamu, camfi suka ɗauki abin. Ni ma haka, kuma na fi kowa, don ni na yi boko. Bokon nawa kuwa aji biyu ne na sakandare. A shekarar mahaifinmu ya rasu, aka duba gida aka ga ni ne babba, aka karɓe mini jaka aka miƙo mini fartanya. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ƙanwata, wadda nake ɗorawa a kafaɗa a lokacin, ita ce ta yi ta tafiya, firamare, sakandare, jami'a, har ta zauna tana koyarwa a can, ana ce mata Dakta. Daktar tsirrai wai. Geron gonar nan ta ci ta yi duk wannan, kuma ni na noma shi. Ba gori nake ba. To, ko da gorin ne ma, ai gaskiya ce.

Inna tana da doka ta biyu, ita ta fi ba ni haushi. Gyauro, wato geron da ya fito da kansa daga ƙwayar da ta zube bara, ba ta yarda ya yi kwana uku a gona. In ta gan shi tsakanin kunya da kunya, ko ya yi kore shar ya fi na shuka ƙarfi, sai ta ce a tuge. Nakan ce, "Haba Inna, abin da Allah ya ba mu kyauta? Ba mu shuka ba, ba mu wahala ba." Sai ta ce, "Tuge shi, na ce." Ba ta taɓa ba ni dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya da niyyar in ji ba.

Sai gwiwa ta kama ta, yanar ido kuma ta fara rufe mata gani, gona ta gagare ta. Zaɓen iri ya dawo hannuna, na yi shi irin na mai hankali. In an gama girbi an ɗaure dammuna, sai in zauna a inuwa in zare manya-manyan zangarnu masu cika ido, in ce su ne iri. Ba faifai, ba bugu, ba kaba. Gyauro kuwa na ba shi izinin zama. Har alfahari nake da shi, in nuna wa maƙwabta yadda ya riga kowa fitar da kai.

Shekarar farko ban ga komai ba. Ta biyu na fara ganin shibra nan da can. Wanda bai san shibra ba, ita ce munafukar gona. Tana ƙarama ba ka raba ta da gero, ganye ɗaya, kara ɗaya, kai ka yi mata noman firi ka yi mata maimai da hannunka. Sai ta fitar da kai kake gane wadda ka yi wa bauta: 'yar siririyar zangarniya mai gashi, ƙwaya ƙanana, iska in ta kaɗa ta zubar da su. Da shekara ta huɗu ta zo, abin ya wuce shibra tsantsa. Zangarnu ne masu siffar gero sak, manya, amma kana taɓa kara sai ka ji yayyafi a ƙafarka. Muka kwantar da gero, na dubi ƙasa, wallahi kamar an yi shanya. Tururuwa da kurciya suka yi kaka a gonata, ni na kai rumbu abin da suka rage.

Na yanke hukunci irin wanda kowa ke yankewa a majalisa: iri ya gaji. Shekara nawa ana juya shi, tun kakar Inna? Na ce bana zan shiga Daura in sayo sabo, a huta da tsohon yayi.

A ɗakin Inna saura ɗan ƙaramin ɗauri guda, zangarnu goma sha ɗaya, na ƙarshe da ta zaɓa da hannunta shekarar da ta yi wa gona sallama. Hayaƙi ya mayar da su baƙi. Duk duniya su kaɗai suka rage na geron nan da ban ɓata ba, amma a lokacin ban san haka ba. Gani nake tarkace ne ke tara mata yanar gizo. Wata ranar bazara, ana ta duban gabas ana jiran ruwan shuka, na taka turmi na sauko da ɗaurin, na ce a sussuke a dama mata kunu.

Ranar ƙanwata ta iso duba Inna. Ta shigo tsakar gida da jakarta, ta gaishe ni, idonta ya sauka kan abin da ke hannuna.

"Yaya, wannan fa?"

"Kunun Inna."

"Irin Inna ne fa."

"Iri ya gaji, Dakta. Gobe zan shiga Daura. Ko sai kin sa hannu a takarda?"

Inna tana zaune bakin ƙofarta ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Ni dai ba da hannuna ba." Abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da jan carbi.

Ƙanwar tawa ba ta yi mini gardama ba, kuma wannan ne halinta da ya fi ƙona mini rai tun tana yarinya. Ta ce in taimaka in zaro mata dami ɗaya daga rumbu, ta ga gajiyar da idonta. Na zaro don in kunyata ta. Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, ta zauna da leshinta mai tsada a cikin ƙaiƙayi, ta ce a miƙo mata faifai. Ta ɗauki zangarniyata guda, babba, irin wadda nake zaɓa, ta buge ta da bayan yatsu. Ƙwaya ta zubo shaa. Ta ɗauki ta biyu, haka. Sannan ta miƙo hannu, na ba ta ɗaya daga na Inna ba da son raina ba. Ta buga sau uku. Shekara huɗu a rataye, ta bushe ƙamas, amma faifan nan bai ce uffan ba.

Daga can Inna ta ce, "Wannan tawa ce."

Ƙanwata ta yi dariya. "Tsohuwa, ashe kunnen bai yi ritaya ba."

"Ke dai yi abin da ya kawo ki, 'yar boko."

Ta ciro wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu daga jaka, ta ce in duƙa in duba. Na ce ni ba ɗalibinta ba ne. Ta ce ta sani, ɗalibanta ba su da taurin kai haka. Na duƙa. A jikin zangarniyata, gurbin da ƙwaya ta bari sumul yake, zagayayye, kamar inda nunannen mangwaro ya rabu da reshe. A ta Inna kuwa sai da ta sa ƙumba ta fizge ƙwayar, wurin ya yage, ya bar zare-zare.

Ga abin da ta gaya mini, yadda na riƙe shi. In na yi kuskure nawa ne. Ta ce duk ciyawar daji haka take, akwai wata 'yar gaɓa a wuyan ƙwayarta, in ta nuna sai gaɓar ta bushe ta saki, don ciyawa ba ta da mai shuka mata 'ya'ya sai ƙasa da iska. Gero ma can asalinsa ciyawar daji ne, haka dawa, haka shinkafa, haka masara. Ta ce a cikin kowane tsiro akwai wani abu kamar rubutu, dogo ƙwarai, wanda yake gada daga iyaye, shi suke kira ƙwayoyin gado. Kowane layi da aikinsa, wani na tsawo, wani na launi, wasu kuma su ke ba da umarnin a gina gaɓar nan. Wani lokaci wajen kwafe rubutun daga uwa zuwa ɗa sai harafi ya goge ko layi ya tsallake. In ya faɗa kan layin gaɓa, sai a sami tsiron da bai iya saki ba. A daji wannan ya mutu ba magaji. A gona kuwa shi ne ɗan gata, don shi ke kaiwa gida.

Na ce, "Dakata. Kin fara kawo zancen nan naku na wai daga biri mutum ya fito ko?"

"Wane biri kuma, Yaya, ana zancen gero? Wanda ya yi rubutun ai Shi ya yi gogewar. Mu karantawa kawai muke koyo, kuma da ƙyar."



Sai ta faɗi abin da har yau in na tuna nakan ajiye fartanya in tsaya. Ta ce dawa a nan ƙasashenmu na baƙar fata aka fara nomanta. Shinkafar da ta cika duniya, can gabas mai nisa. Masara kuwa a hayin babban teku, wurin mutanen da ba su san akwai mu ba, mu ma ba mu san akwai su ba. Ba fatauci, ba aike, ba wanda ya koya wa wani. Amma dukkansu suka ƙare da hatsi mai riƙo. Ta ce wannan ma bai kai abin mamaki ba, tunda kowa abin da ya kai gida yake shukawa. Abin mamakin shi ne da masu irin aikinta suka iya karanta rubutun, suka buɗe na dawa, suka buɗe na shinkafa, suka buɗe na masara, sai suka tarar akwai layi guda da aka taɓa a dukkan ukun. A dawa kaɗai ma ba sau ɗaya ya lalace ba, a wurare daban-daban, kowanne da irin lalacewarsa, amma layin dai shi ne.

Na ce, "A rubutun da kika ce ya fi hanyar Makka tsawo? Sai layi ɗaya? Ƙarya dai ba ta da kyau ga mai digiri."

Ta ce ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu layukan da ke da hannu, musamman a shinkafa. Amma hatsin nan duka dangi ne tun can da nisa, littafin nasu kusan ɗaya ne, kuma wuraren da za a taɓa gaɓa ta rufe ba tare da tsiron ya nakasa ba kaɗan ne. Saura in ka taɓa, ko ya ƙi fure ko ya ƙi ƙwaya, ba mai ajiye shi.

Na dubi ƙafata. Silifa ne a ciki, na ɗaure hancinsa da waya. Na ce, "Kamar silifa ke nan. Na Daura, na Kano, na Makka, kowanne a hanci yake tsinkewa."

Ta dubi silifan, ta dube ni. Ta ce, "Yaya, shekara nawa ina neman yadda zan faɗa wa ɗalibai wannan. Na ɗauka."

"Ɗauki mana. Ai kin saba."

Na san maganar ta shige ta, kuma ban janye ba.

Inna ce ta raba mu. Ta ce, "Su matan can na hayin teku, su ma da faifai suke yi?"

"Ba wanda ya sani, Inna, ba a rubuta ba. Wataƙila ma da yawansu ba su san suna zaɓe ba. Mai zuba ta zube a gona, mai riƙo ta kai gida, a shuka ta, shekara da shekaru."

"Au, ba su ma sani ba?" Ta gyara zama. "To ashe ba su kai ni ba."

Muka yi dariya mu duka, har ni. Amma ina dariyar ina kallon hannun nan nata mai jijiya a kan carbi. Tsohuwar da ba ta san alif na boko ba, ba ta taɓa wuce Katsina ba, ashe shekara hamsin tana aiki ɗaya da wasu mata a bayan duniya waɗanda ƙasa ta cinye tun kafin a haƙa rijiyar Kusugu. Kowace a gonarta, kowace da yarenta, duk suna lalube a wuri guda cikin rubutun da ba mai ganinsa a cikinsu. Ni kuma mai aji biyu ina tsaye ina ce mata camfi.

Ban gama haɗiye wannan ba ƙanwata ta juyo kaina.

"Yaya, na ji an ce kana barin gyauro."

"Ina bari. Kyautar Allah ce."

"Gyauro ɗan wa ne?"

"Ɗan gero mana, ɗan wa zai zama?"

"Ɗan wace zangarniya? Wadda ta riƙe har ta kai rumbu, ko wadda ta saki a gona?"

Wallahi kamar an kwaɗa mini mari. Shekara talatin da wani abu ina noma, tambayar da yaron firamare zai amsa, ban taɓa yi wa kaina ita ba. Duk gyauron da ke duniya ɗan mai saki ne, in ba haka ba me ya kai shi ƙasa? Ta ƙara da cewa gero ba ya auren kansa, iska ke ɗaukar bununi, garin nan mai launin ɗorawa da ke fitowa a zangarniya, ta kai wa na kusa. Gyauro kuwa ya riga kowa tsayuwa, yana nan yana jira. Wato shekara huɗu ina kiwon masu saki, ina yi musu noma, ina ba su 'ya'yan Inna aure. Sannan in zo dami in zaɓi manya, bayan mai zuba ta riga ta zubar da abin da zai tona mata asiri.

Kunya in ta kama ni faɗa take zama. Na miƙe na ce, "Da an bar ni na yi karatun da aka bar wasu suka yi, ai da na sani."

Inna ta ce, "Ni aji nawa na yi?"

Na ɗauki zangarnun nan goma sha ɗaya, na taka turmi, na mayar da su inda na ɗauko.

Washegari ban je Daura ba. Muka zauna da ƙanwata muna neman inda za a shuka su, don ta ce in na kai su babbar gona na kashe su: ƙasar cike take da ƙwayar masu saki, kuma bununin maƙwabta na yawo. Ta kuma gaya mini gaskiya, iri mai shekara huɗu ba lalle ya fito ba, kuma in bana ta wuce ba a shuka ba, a manta da shi. Ni na tuna da kangon kawunmu da ke tsakiyar gari, katanga ta kewaye shi, gidaje ta ko'ina, an daɗe ana ɗaure shanu a ciki, ba a taɓa shuka gero a wurin ba. Ta ce ya yi.

Saura babbar gona. Ta fara lissafa mini dabaru na littafi, na ce ta tsaya. Na ce matsalar ai ita ce ba a raba shibra da gero suna ƙanana. To bana ba zan shuka gero a can ba sam. Dawa da wake zan zuba. Duk abin da ya fito mai kamar gero, na san ba ni na kira shi ba, in tuge. Ta ce, "Wannan ban kawo ta ba." Na ce ai ba a koyar da ita a jami'a. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji.

Ruwa ya sauka, na sussuke zangarnun a tafin hannuna, ban yarda turmi ya taɓa su ba. Na shuka a kango ƙwaya uku-uku maimakon yadda muke watsawa da yawa. Kwana huɗu ina zuwa ina tsugunawa bakin ramuka kamar mai jiran haihuwa. Rana ta biyar na ga allurai kore sun huda ƙasa. Ba duka ba. Kusan rabin ramukan ba su ce komai ba har abada. Na dawo na gaya wa Inna, ta ce, "Rabi ai mutane ne."

Daminar nan na sha dariya. Mutum a ƙasar Daura, a jigawa, ya ƙi shuka gero, kuma a gan shi duƙe yana tuge gero a gonarsa yana zubarwa a kan iyaka. Maƙwabcina na gabas, wanda muka yi kaciya tare, kullum sai ya leƙo ta kan shinge.

"Mai gona, an yi juyin mulki ne? Na ga dawa ta hau, ana ta kama 'yan gero."

"Ana kama munafukai ne. In an gama da nan gonarka za a shigo."

"To Allah ya ba Dakta ƙarami sa'a. Furar bana dai a gidana za ka sha, kada ka ji kunya."

Na sha kuwa, ba sau ɗaya ba. Bai fasa yi mini dariya ba, ni ma ban fasa sha ba.

Tsakiyar damina ƙanwata ta dawo da wasu 'yan kwalabe. Tun zuwanta na farko ta ce tana so ta ɗebi geron Inna ta kai ɗakin gwaji, ni kuma na ƙulla a raina ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita da ita ba. Na tare ƙofar kango na gaya mata haka. Ta ce, "Wa ya ce maka ƙwaya nake so?" Ashe ɗan ganye take yanka, bai kai ƙumba ba, daga kowane tsiro. Rubutun duka yana cikin wannan ɗan yankin, wai, tun daga saiwa har zangarniyar da ba ta fito ba tukuna. Ta bi ni babbar gona ta yanki na gyauron da na tuge. Na tsaya ina kallonta, ta tattare zani, taɓo har idon sawu, tana rubuta lamba a jikin kowace kwalba ba ta tsallake ko ɗaya, rana na dukanta. Na ga bugu uku na Inna a hannunta. Ban gaya mata ba. Na dai karɓi jakar na riƙe mata.

Na tambaye ta ko geron ma layin nan ne na su dawa. Ta ce ba ta sani ba, abin da take nema ke nan. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa gero ta wata ƙofar ya bi ya iso ɗaki ɗaya da su. Na ce shekara ashirin kina karatu ki ce ba ki sani ba? Ta ce da ta sani ai da ba ta shiga taɓo ba. Har yau da nake rubutun nan ba ta gama ba, in na tambaya a waya sai ta ce ana kai.

Geron kango ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi. Tsuntsayen gari suka gano shi, tunda shi kaɗai ne a tsakiyar gidaje. Na ɗaɗɗaura tsummoki da gwangwanaye, na tashi daga majalisa na koma bakin katanga da zama. Akuyar wani ta haura sau ɗaya, abin da na gaya wa mai ita ba zai rubutu ba.

Da ya nuna, wata safiya bayan an sha kunu, na je ɗakin Inna na ce lokaci ya yi. Ta ce ƙafa ba ta kai ta. Na ce ban tambayi ƙafa ba. Na ɗauke ta a baya kamar yadda ta ɗauke ni, ba ta fi damin kara nauyi ba, tana ta faɗa wai zan kunyata ta a gari. Na zaunar da ita a tabarma tsakiyar kango, na ɗora faifai a gabanta, na ajiye ƙullin kaba a gefe. Idonta ba ya ganin zangarniya ko an kai ta hancinta. Kunne dai na nan.

Na tanƙwaro ta farko, babba, wadda na fi sa wa rai. Na buga. Ƙas, ƙas, ƙwaya biyu.

Na ce shi ke nan, har na Inna na riga na ɓata, ko kuwa iska ta haura katanga.

Ta ce, "Ba ta da riƙo. Wuce. Kuma da bayan yatsu ake yi, ba da tafi ba. Tambayarta aka ce ka yi, ba duka ba."

Na saki, na kama ta biyu, 'yar matsakaiciya wadda a da ko kallonta ba zan yi ba. Na juya hannu na buga da bayan yatsu, ɗaya, biyu, uku. Inna ta karkata kai. Kurciya na kuka a kan katanga, wata mata na daka a maƙwabta, amma faifan shiru.

"Ɗaura mata," in ji Inna.

Na ɗaura. Ta uku shiru. Ta huɗu shiru. Ta biyar ta zubar da ɗaya, muka wuce ta. Da na yi nisa da tabarmar sai in ɗauki faifan in matsa, ita kuma ta ce in ɗaga murya in gaya mata, sannan ta ce a'a, in rufe baki, tana ji daga nan. Haka muka yi ta yi har rana ta take. Hannuna ya koyi abin tun kafin mu kai rabi, amma ban ce mata na iya ba, ita ma ba ta ce in ci gaba ni kaɗai ba.

Saura layi biyu na laluba gefe na ji wayam. Kabar da na zo da ita ta ƙare. Na yanko ta ne daidai yadda nake zaton za a samu, ashe na raina geron.

Na ce, "Inna, kaba ta ƙare."

Ta kwance ɗankwalinta, ta kama bakinsa da haƙoran da suka rage mata, ta yage siririn ƙyalle ta miƙo mini ta inda take jin muryata.

"Yi ta yi," ta ce. "Akwai saura."